Sunan da Ba a Karanta Ba

Ranar Litinin ake buɗe akwatin, kuma shekara ashirin da shida ke nan makullinsa yana hannun Sakatariya. Ɗan akwatin katako ne da aka kafa a bango kusa da ƙofar coci, da tsaga a samansa. Duk mai mara lafiya a gida sai ya rubuta sunansa a 'yar takarda ya jefa ciki. Litinin da safe ita kuma ta juye takardun a kan teburinta, ta miƙar da su da gefen hannu, ta buga sunayen a takarda ɗaya, a jere bisa haruffa. Laraba da yamma, a taron addu'ar marasa lafiya, Fasto ya miƙe ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, jama'a suna amsawa bayan kowane suna, "Ya Ubangiji, ka yi jinƙai."

Aikin bai taka kara ya karya ba, amma kar ka kuskura ka faɗa mata haka. Fastoci huɗu ta ga zuwansu ta ga tafiyarsu, ba wanda ya taɓa kama ta da kuskuren harafi ɗaya. Rubutun da ya gagari mai shi ma takan karanta. In ruwa ya taɓa takarda tawada ta watse, sai ta yi ta tambayar mutane har ta gano sunan wa ne. Matan coci suna tsokanarta cewa ko a ƙofar sama ita za a damƙa wa rajista. Takan ce musu, to su fara gyara rubutunsu tun yanzu.

Ofishinta ɗan ɗaki ne a bayan coci, taga ɗaya, fanka mai kuka, da tsohuwar kwamfuta da take yi wa faɗa kamar mutum. Daga nan sai gida, ɗaki biyu a bene na farko. Mijinta ya daɗe da rasuwa. In ta dawo ta dafa abin da baki ɗaya zai ci, ta wanke faranti ɗaya, ta kife. Wani lokaci tun daga sallamar da ta yi da mai gadin coci ba ta sake jin muryar kanta sai washegari. Kaɗaici ya dame ta ƙwarai, sai dai ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, kuma ba wanda ya tambaya, domin mace mai tsari irinta ba a zaton tana rasa komai.

Ga abin da ba wanda ya sani. Mako goma sha huɗu ke nan akwai suna ɗaya da ke shiga akwatin, amma ba ya kaiwa bakin Fasto.

Sunan ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda kowa ke kira Auta. Ita ta goya shi, ita ta riƙa share masa majina. Da ya girma ya zama direba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ta ba shi 'yarta ɗaya tilo ya kai ta makarantar koyon aikin jinya, da sabon akwati da bokiti, da katifa ɗaure a saman mota. Ya tsaya a hanya ya sha giya kwalba biyu. Shi ya fito daga motar da karaya a kafaɗa. Yarinyar ba ta fito da rai ba.

Dattawan coci suka sa shi horo, wato suka dakatar da shi daga cin Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da masu bi ke rabawa a coci, har sai ya zo ya tuba a gaban jama'a. Sakatariya da hannunta ta buga wasiƙar. Auta bai zo ba, kunya ta hana shi. An ce ya bar giya, ya bar tuƙi, ya koma gadin wani kanti. Sau uku ya zo ƙofar ɗakinta ya durƙusa yana kiran Yaya, Yaya, tana ciki tana jinsa, ba ta buɗe ba. Daga nan bai sake zuwa ba.

Sai ga shi bana ɓarin jikinsa ya shanye. Ba wanda ya zo ya gaya mata. A akwatin ta gani, da rubutun matarsa, manyan haruffa masu karkata kamar za su faɗi. Ta daɗe tana kallon takardar. Ta ɗora yatsu a kan madannan kwamfuta, yatsun suka ƙi. Ba ta iya jefa takardar a kwandon shara ba, don takardar addu'a ce, sai ta ja aljihun tebur na ƙasa ta tura ta ƙarƙashin kwalin ambulan. Ta ce wa kanta ai ba mugun fata take yi masa ba. Allah ya san inda yake kwance, ba sai ya jira takardarta ba. Ita dai ba da yatsunta za a sa coci guda ya roƙa wa mutumin nan jinƙai ba.

Mako na biyu ya fi na farko sauƙi. Zuwa na biyar hannunta yana yi ba tare da ta sa masa hankali ba. Laraba kuwa tana zaune a kujerar gaba da jakarta a cinya, tana amsawa da ƙarfi bayan kowane suna. Ta san matar Auta tana can layin ƙarshe, ba ta waiwayawa. In aka zo addu'ar da ake yi tare, aka kai wurin da ake maganar gafarta wa masu yi mana laifi, sai tari ya kama ta. Shekara goma sha ɗaya tarin nan bai taɓa kuskure wurinsa ba.

A Litinin ta goma sha biyar ta juye akwatin, ta baza takardun, ba ta ga rubutun ba. Ta sake bin su ɗaya-ɗaya. Ta koma ta zura hannu cikin akwatin har gwiwar hannu, ta shafa kusurwoyi, ƙura kawai ta fito da ita. Abin mamaki, maimakon ta ji an sauke mata kaya, sai ta ji kamar ta yi rashi. Ashe ta saba. Duk duniya wannan 'yar takarda ce kaɗai ke zuwa mata daga danginta, ko da ba ita aka rubuto wa ba.

Tana cikin buga sunayen, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Matar Auta ce, ta rame, tana riƙe da tsohuwar waya a hannu. Ta rusuna a bakin ƙofa.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya lau. Shigo, ga kujera."

Ba ta zauna ba. "Yaya, na san ba ni da bakin magana a wurinki. Roƙo na zo yi. Ke ce kusa da Fasto, ke dattawa ke jin maganarki. Ki roƙa mana su, ko sau ɗaya ne, su bari a karanta sunansa."

Sakatariya ta cire tabarau. "Dattawa?"

"Ai mun gane. Tun da yana cikin horo, su ne ke cire sunan. Ba mu ce sun yi laifi ba. Da farko na ɗauka rubutuna ne, har na ce masa ƙila Yaya ce ba ta iya karantawa ba. Ya ce in rufe bakina, babu rubutun da ke gagarar Yaya. Na ce to ko mantuwa ta yi. Ya ce Yaya ba ta mantuwa, kuma duk fushin da take yi da shi, ba za ta taɓa wasa da aikin Allah ba."

Fanka tana ta kuka a sama. Sakatariya ta mayar da tabarau.

"Shi ta yaya ya san ba a karantawa?" ta tambaya. "Ke kike gaya masa?"

Matar ta ɗaga wayar. "Da kunnensa yake ji. Kafin in fito sai in ajiye masa tasa a kan matashi, kusa da kunnen da ke ji. In Fasto ya miƙe sai in kira, in riƙe wayar a cinyata. Ya san yadda kike jera su, Yaya. Ya san nasa zai zo bayan na tsohon tela, kafin na matar mai gyaran agogo. In aka kira tela aka amsa, sai ya riƙe numfashi. Sai ya ji an kira matar mai agogo." Ta share ido da bayan hannu. "In na dawo sai in tarar ya juya fuska bango."

"Yanzu kuma?"

"Ya ce in daina sawa. Ya ce in mutanen Allah sun ƙi roƙa masa, to Allah ne ya ba da amsa, ƙofa ta rufe. Yau kwana biyar ya ƙi magani, ya ƙi abinci, ruwa ma sai na yi da gaske. Likita ya ce in ya ci gaba a haka ba zai kai ƙarshen mako ba. Mutuwar ba ita ke damuna ba, Yaya, kowa zai je. Kar dai ya tafi yana ganin Allah ya kore shi."

Aljihun teburin yana nan daidai gwiwar Sakatariya. Ta buɗe baki, abin da ya fito kuwa shi ne abin da ta saba gaya wa masu neman takardar baftisma.

"Zan duba."

Matar ta yi godiya har sau biyu, ta ja ƙofa a hankali.

Sakatariya ta zauna ba motsi. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ita a tunaninta rigima ce tsakaninta da ƙaninta, kuma tana da gaskiya, wa zai ce ba ta da ita? Ashe ta ɗauki kujerarta ta ajiye a tsakanin mutum da Ubangijinsa, tana amsa masa da sunan Allah. Kuma abin da ya fi ƙona mata rai, shi ne mutumin bai zarge ta ba. Da ya zage ta, da ta san abin yi.

Dabara ta fara zuwa mata, kamar yadda takan zo wa kowa. Ta buga sunan yanzu, tsakanin tela da matar mai agogo, ranar Laraba a karanta, kowa ya ce dattawa sun sassauto, magana ta wuce. Har ta ɗora yatsu. Sai ta tuna yau Litinin ce, kuma ko ya kai Laraba, wa zai riƙe masa waya tunda ya hana? Ta ja aljihun tebur, ta kwashe takardun, ta nufi ofishin Fasto.

Faston nan yaro ne a wurinta. Da 'yarta tana raye da sa'arsa ce. Yana cin biskit yana rubutu lokacin da ta shiga, ya yi saurin ɓoye ledar kamar ɗan makaranta.

"Mama, lafiya? Kwamfutar ce kuma?"

Ta zube takardun a gabansa. Ya ɗauki ɗaya, ya ɗauki wata, ya ga duk suna ɗaya ne. Ta tsaya a tsaye ta gaya masa komai, ba ta rage ba, ba ta gyara ba, kamar tana karanta rahoton taro. Sai da ta kai kan wayar da ake ajiyewa a matashi muryarta ta karye.

Fasto ya taso ya ja mata kujera. Ta zauna.

"Ka kira dattawa ku sa ni horo," ta ce. "Ni zan buga wasiƙar. Ga makulli."

"Riƙe makullinki tukuna, Mama. Maganar dattawa tana nan zuwa, ba zan ɓoye musu ba. Amma ba su ne ke kwance ba."

"Ka je ka gaya masa. Kai ne Fasto, zai yarda."

"Zan je, yau ɗin nan. Tun tuni ya kamata in je, ban tambayi labarinsa ba, wannan nawa laifin ne. Sai dai in na ce masa ba dattawa ba ne, zai ɗauka lallashi nake yi don ya ci abinci. Mutum ɗaya ce in ta faɗa zai yarda, tunda ya ce ba ta wasa da aikin Allah."

Ta sunkuyar da kai. "Fasto, ban yafe masa ba. Kar ka ce in yafe. Na gwada, na yi azumi, na yi kuka. In na rufe ido katifar nan nake gani a saman mota."

"Ban ce ki je ki yafe ba, Mama. Ki je ki faɗi gaskiya, wannan kina iyawa. Yafewar kuma mu roƙa a ba ki, don ba a aljihu ake ɗauko ta ba."

"Ni ɗin? Bayan wannan?"

"In jinƙan Yesu bai kai kanki ba, to bai kai kan Auta ba. Da me za ki je masa ke nan?"

Ya durƙusa a kan siminti, ita ma ta sauko daga kujera da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara. Ta shirya jin doguwar addu'a irin ta fastoci, sai ya yi shiru ya bar mata fili. Macen da ta shekara ashirin da shida tana tsara kalmomin wasu ta nemi nata ta rasa. Abin da ta iya cewa kawai, "Na yi zunubi. Ka ji tausayina." Ta maimaita har ba ta san sau nawa ba.

Ya ce zai kai ta a mota. Ta ce a'a, ya ba ta awa ɗaya sannan ya biyo.

Bas ta hau, da rana tsaka, ta zauna kusa da taga da jakarta a cinya. Ta san unguwar amma ba ta taɓa shiga gidan ba. Ta sauka a gaban wani kantin magani, ta bi wani lungu tsakanin shagon walda da wurin wankin mota, ta tambayi wata mai shanya tufafi, aka nuna mata ƙofa ta uku. Sau biyu ta tsaya a lungun nan kamar za ta juya.

Matar Auta ta buɗe ƙofa, ta ja da baya ta ba ta hanya. Ɗaki ɗaya ne, an raba shi da labule. Warin magani da na fitsari ya tare ta. Kan tebur ga ƙwayoyi a jere ba a taɓa ba, ga kofin shayi da ya huce har ya yi fata. A kan gadon kuwa wani tsoho ne ke kwance, fuskarsa a bango. Sai da ta ga tabon da ke bayan kunnensa, inda ya faɗo daga bayanta yana ɗan shekara biyu, ta yarda ƙaninta ne.

"Auta."

Kafaɗarsa ta motsa. Da taimakon matarsa ya juyo. Ɓarin fuskarsa ɗaya ya zube, yawu yana bin gefen bakin. Ya kalle ta, ya yi ƙoƙarin tashi zaune don ya gaishe ta kamar yadda ya kamata, jikin ya ƙi.

"Ya...ya," ya ce. Maganar tana fitowa a ja, sai an kasa kunne.

Ba ta zauna ba. Ta buɗe jaka ta fito da takardun, ta ɗora masa a kan ƙirji, wajen hannun da ke aiki.

"Ka saurare ni da kyau, ba zan iya faɗa sau biyu ba. Dattawa ba su taɓa ganin waɗannan ba. Fasto bai gani ba sai yau. Ba wanda ya hana a yi maka addu'a. Ni ce nake cirewa ina ɓoyewa a aljihun tebur. Duk makon nan goma sha huɗu, ni ce. Allah bai ce maka komai ba, Auta. Ni na yi."

Matar ta dafe bango. Shi kuwa ya shafa takardun da yatsu, ya ɗaga ɗaya kusa da ido, ya ga rubutun matarsa da alamar ninki. Ya daɗe yana dubawa.

"Ke?"

"Ni."

"Ke... kawai?"

"Ni kaɗai."

Ta tsaya tana jiran zagi, ko kuka, ko ya sake juya mata baya. Sai ta ga ƙirjinsa yana rawa, wani sauti yana fitowa daga rabin bakin da ke motsi. Ta ɗauka shaƙewa ce, har ta matso. Ashe dariya yake yi, hawaye suna gangarawa cikin kunnensa.

"Na gode... Allah," ya ce. "Naki... zan iya ɗauka, Yaya. Na can... na cancanci naki. Wancan ne... ya fi ƙarfina."

Nan ta zauna a bakin gadon. Murna yake yi don ya gano ƙiyayyar yayarsa ce kawai. Wannan ya shige ta fiye da duk abin da Fasto ya faɗa, ta rufe fuska da hannu biyu ta yi kuka mai sauti, irin wanda ba ta yi ba ko a ranar jana'izar 'yarta.

Da ta lafa ta ce, "Ka yafe mini wannan."

Ya kaɗa yatsu kamar mai korar ƙuda, wai wannan ba komai ba ne. Sannan ya ce, "Yarinyar... kullum ina..."

"Kar ka fara," ta ce. "Ba yau ba. Ban kai nan ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba. Ina dai roƙo."

"To," ya ce. Ya lumshe ido, ya buɗe. Ya juya kai wajen matarsa. "Ƙishi."

Matar ta yi waje da kofin da sauri har tana tuntuɓe da bakin ƙofa. Aka bar su biyu a ɗakin, ba mai kallon wani, ƙarar injin walda tana shigowa ta taga. Sakatariya ta rasa inda za ta ajiye hannuwanta, sai ta zaro hankici daga jaka ta goge masa gefen baki.

Matar ta dawo da shayi mai ɗumi da cokali. Ta zo bakin gadon, ta ga babu wurin zama sai wanda yayar mijinta ta tare. Sai ta miƙa mata kofin.

Sakatariya ta karɓa. Ta ɗebo, ta hura, rabin cokalin ya zube a kan zanen gado. Ta sake ɗebowa, ta kai masa.

Auta ya buɗe baki.